Ido Biyar a Ɓawon Ƙwan Zabuwa

Da safiyar Asabar aka ga ɓarnar. Gawon da ke tsakiyar gonar Alhassan, wanda ya girme duk wani mai rai a Gidan Tala, an sare masa manyan rassa uku, bakin saran ya yi fari fat. Sandar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tana nan tsaye, amma an kwance na'urar Lubna daga kanta an tafi da ita.

Babu wanda bai san na'urar ba a garin. Lubna 'yar gari ce, ta yi karatun injiniya a Maraɗi, ta shekara uku tana haɗa abin nan da hannunta. Ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, a kansa an kife rabin ɓawon ƙwan zabuwa da ta kankare ya yi siriri. Ƙarƙashin ɓawon akwai ƙananan idanu biyar masu auna haske: na gabas, na yamma, na kudu, na arewa, da mai kallon sama. Robar da ake rufe irin waɗannan idanu da ita a ƙasashen waje, ranarmu tana ƙona ta cikin wata shida awo ya lalace, ɓawon zabuwa kuwa ko a jikinsa. Aikin na'urar shi ne ta auna hasken da ke sauka ƙarƙashin gawo rani da damina, don a rufe bakin masu cewa itacen yana tauye hatsi. Duk lokacin da haske ya canja, sai ta aika saƙo zuwa salular Lubna. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu ba, suka sa mata suna Ido.

Shekara goma sha biyu ke nan da garin ya haramta sarar gawo, kuma Alhassan ne shugaban kwamitin da ke tsaron dokar. Don haka abin ya yi wa mutane ciwo biyu. Kafin hantsi rabin gari ya hallara a gonar, suna tattake ƙasa suna tambayar juna me ya hana a kira Gado.

Gado ya zo a hankali, hannu a baya. Shekara arba'in yana bin sawu daga nan har Sae Sabuwa da dajin da ke bayanta, kuma ba a taɓa jin ya nuna gida an shiga an fito hannu wofi ba. In Gado ya faɗi suna, magana ta ƙare. Abin da garin bai sani ba, kuma ya gwammace ya mutu da a sani, shi ne yanar ido ta rufe masa na dama tun bara, na hagu kuma yana ganin duniya kamar ta cikin ruwan koko. Da kunne da tsohon sani yake lallaɓawa.

Ya tsuguna, ya ƙura wa ƙasa ido. Bai ga komai ba sai jirwaye.

"Ka ga kofato ko?" Alhassan ne ya raɗa masa a kunne. Abokinsa ne tun suna yara, tare aka yi musu kaciya. "Ga kuma takalmin taya nan, ya nuhi arewa."

Gado ya shafa, ya ji ramukan kofato, ya ji shatin taya. Ya miƙe ya bi turbar shanun, wadda ko jaki zai iya binta, jama'a na biye da shi, har ta kai su rugar wani Bafillace, Bubakar, da ke bayan fadama. Mutum ɗari suna jiran bakinsa. Ya san bai duba yadda ya kamata ba, amma tsoro ya fi ƙarfinsa.

"Bubakar ne," in ji shi.

* * *

A zauren Maigari Ilyasu aka ɗaure Bubakar da igiyar shanunsa. Kafin a iso da shi samari sun fasa masa leɓe. Maigari ya ce Litinin zai kira jandarma daga Gidan Rumji, samari suka ce su ba Litinin suke jira ba: in la'asar ɗin gobe ta yi ba a fito da Ido ba, za su tashi rugar su kore shanun. A rugar akwai mata huɗu da tsohuwa da ba ta iya tafiya.

Gado ya zauna kusa da ɗaurarren, ya tambaye shi inda yake jiya lokacin sallar Juma'a.

"Ina daji da dabbobina, ina zan kasance?" Bubakar ya tofar da jini. "Na biyo ta gonar bayan la'asar, ban musa ba. Na iske an riga an sare, an kwashe. Shanu sunka tsinci abin da ya zube, munka wuce."

"Ba ka ga akwatin ba?"

"Sanda na gani." Ya ɗago kai ya dubi Gado sosai. "Kai da anka ce kana karanta ƙasa, ka ɗaga kai ka dubi saran kuwa? Yaushe ka ga Bafillace ya hau gawo da gatari ya datse reshe mai kaurin cinya? Mu ƙananan rassa muka sassaɓo, don baɗi ma muna son ganye. Kuma ina zan kai icen? A ka zan ɗauka?"

Gado bai dubi saran ba, don ko ya duba ba zai gani ba. Ya miƙe, ya fita yana jin idon mutumin a ƙeyarsa.

* * *

Da yamma ya nufi rumfar Zaharaddini mai cajin salula. Shi ma ba a gan shi a masallaci jiya ba, kuma kowa ya san ya taɓa bin Lubna yana roƙon ta buɗe masa akwatin ya ga cikinsa. In akwai wanda ya san kuɗin kayan ciki a garin nan, to shi ne.

Zaharaddini bai ko daina kwance salular da ke hannunsa ba.

"Ina Maraɗi jiya, Baba Gado, na tahi sayen kaya. Tambayi mai kabu-kabun da ya kai ni, tare munka yi Juma'a, tare munka dawo da magariba. Kuma ni in zan yi sata, ai ba zan yi ta wauta ba."

"Wace wauta?"

"Allon hasken rana mana, wanda ke ba akwatin wuta. Shina nan ɗaure a jikin sandar, ba a taɓa shi ba. Shi ne mai kuɗi, ko yau in kai shi kasuwa a saye. Ɓawon ƙwai wa zai saya?" Ya ɗago yana dariya. "Kai ba ka gane shi ba da sahe? Ai ya kai faifai girma."

"Na gani," in ji Gado, ƙaryar ta yi masa ɗaci a baki.

"Wanda ya ɗauke abin nan tsoronai yake ji, ba sonai yake ba. Sau nawa Lubna tana hwaɗi cewa haske kaɗai yake gani, ba ya ganin mutum? Ba wanda ya yarda. Kullum sai an zo nan an tambaye ni, wai da gaske hoto yake ɗauka shina aika wa 'yan gandun daji?"

"Su wa ke tambaya?"

"Rabin gari. Har shugaban kwamiti, sau biyu cikin satin nan."

Gado ya yi masa sallama. A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa shugaban kwamiti yana da damar tambaya, aikinsa ne.

* * *

Lahadi da hantsi Lubna ta yi sallama a zaurensa, numfashinta sama-sama. Ba akwatin ne ya hana ta barci ba, ta ce, ko da yake shi kaɗai gare ta. Ta je ta ga Bubakar, hannuwansa sun kumbura.

"Ido bai mutu ba, Baba Gado. Yana magana har yanzu. Duba."

Ta miƙa masa salular. Ya karɓa ya kawo ta kusa da fuska, ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. Sai ya ji ta zare ta daga hannunsa a hankali.

"Gilashin ya mutu tun kafin ka karɓa," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Baƙi kake kallo. Yaushe abin ya fara?"

Kunya ta rufe shi. Yarinyar da ya taɓa ɗauka a kafaɗa ce ta kama shi, kuma babu ko ɗigon raini a muryarta, abin da ya ƙara masa zafi ke nan.

"Karanta mani," ya ce.

Ta karanta. Ranar Juma'a ƙarfe biyu da minti goma, haske ya yi tsalle ƙarƙashin gawon, reshe na farko ke nan ya faɗi. Biyu da arba'in, duhu ƙirin a duk idanun. Daga nan shiru. Asabar ƙarfe bakwai na safe, haske na minti biyu, sai duhu. Ta ɗauka na'urar ce ta rikice. Yau kuma ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, haske na minti biyu, sai duhu, alhali Bubakar yana ɗaure.

"Za su ce matanai ne ke buɗe tsumma suna leƙawa," in ji Gado. "Wanga bai isa ba."

"Akwai saura. Hasken rana ne, amma mai rauni. Kuma a idanu biyar ɗin, na sama kaɗai ya gan shi sosai. Gabas, yamma, kudu, arewa, duk kusan babu. Na rasa gane wannan."

Gado ya rufe idanunsa marasa amfani. Ɗaki ta ƙofa yake shan haske, daga gefe. Bukkar Fulani da rana ba ta duhu ƙirin, haske na ratsa ta ko'ina. In buhu ne ko akwati aka buɗe, haske zai zubo ta kowane ɓangare. Rijiya tana kallon sama, amma ba ta wuni a rufe. Wuri mai zurfi, mai ƙaramin baki a sama, wanda ake buɗewa a mayar.

"Rumbu," ya ce. "Rumbun ƙasa. Kuma Bubakar ba shi da ko ɗaya."

"Rumbuna nawa ne a garin nan?"

"Sun hi tamanin."

"To batirin ba zai wuce magaribar yau ba, tunda an raba shi da allonsa."

Ba yawan ne ya dami Gado ba. A Gidan Tala kana iya shiga ɗakin mutum ka ɗaga shimfiɗarsa in zargi ya yi ƙarfi, amma ba ka leƙa rumbunsa. Rumbun gandu ana rufe shi bayan girbi sai ruwa ya sauka, kuma abin da ke ciki, yawa ko kaɗan, tsakanin maigida ne da Ubangijinsa. Ko maigari bai isa ya ce a buɗe ba. Wanda ya ɓoye abin ya san garinsa.

* * *

Rumbunan suna jere a bayan gari, kowane a kan duwatsunsa. Gado ya cire takalmi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, yana shafa ƙasa da yatsu, Lubna na gaya masa na wane ne. Rana ta bazara tana dukan ƙeyarsa. Waɗanda aka rufe tun kaka, ƙasarsu ta kwanta lumui. Waɗanda ake ci daga ciki kuwa ga ramukan ƙafar tsani, ga ƙaiƙayi, ga tonon kaji, ga tururuwa na jan tsaba.

A na talatin da wani abu yatsunsa suka tsaya. Ramukan tsani ne sababbi, bakinsu bai ruguje ba, kafi biyu kusa da juna, na jiya da na yau, da wani na uku da iska ta fara cikewa. Ya laluba kewaye. Babu ƙaiƙayi ko ɗaya, babu tururuwa, kaji ba su taɓa wurin ba. Mutum yana hawa kowace safiya yana saukowa hannu wofi. Ya ƙwanƙwasa cikin rumbun da bayan yatsa, ya amsa masa kamar tulun da babu ruwa.

Bai tambayi Lubna na wane ne ba. Da hannunsa ya taya mai shi yaɓa shi.

"Zauna can inuwa inda kowa ke ganinki," ya ce mata. "Kada ki ɗauke ido daga nan."

A ƙofar gidan Alhassan ya tsaya ya saurara. Maƙwabta dama da hagu ana ta daka, gidan nan shiru. Sai yanzu ya tuna ya kwana biyu bai ji taɓarya a nan ba. Habsatu, matar gidan, ta aiko masa da ruwa zalla, ba fura, ita da ba a taɓa zuwa gidanta a tashi da ruwa zalla ba. Alhassan ya fito suka zauna a zaure.

"Ina ka yi Juma'a, Alhassan?"

"Sae Sabuwa. Na gaya wa maigari."

"Da amalanke ka tahi?"

Alhassan ya kau da kai.

"Masu kiwon raguna a can suna sayen ganyen gawo da tsada a watan nan. Icen ma akwai masu so." Gado ya sassauta murya. "Hito da shi. Ka aje shi bakin hanya a tsinta, a kwance bawan Allah nan. Sauran ni da kai ne."

"In anka tsince shi za su ce Hilani sun ji tsoro sun yar. In kuma ba su ce ba, za su tambayi wa ya sare." Alhassan ya matso kusa. "Ni ban hwaɗi sunan kowa ba, Gado. Kai ka hwaɗa. In za ka janye, sai ka gaya wa gari dalili. Za ka iya? Shekara guda ina kauda maka dutse a hanya ba ka sani ba. Na rufa maka, ka rufa mani."

Nan Gado ya gane raɗar da aka yi masa a gona ba taimako ba ce, jan akala ne. Ransa ya ɓaci, kuma tausayi bai bar shi ya yi fushin da daɗi ba.

"La'asar ta kusa," ya ce, ya laluba takalmansa.

* * *

Bayan sallar la'asar ƙofar maigari ta cika. Samari sun zo da sanduna, wasu da jarkar mai. Gado ya sa aka fito da Bubakar aka zaunar, aka kira Zaharaddini, Alhassan kuma yana gefen maigari a mazauninsa na shugaban kwamiti. Wani ya ruga ya kira Lubna daga bayan gari.

"Na janye sunan Bubakar," in ji Gado.

Wuri ya kaure. Wani saurayi ya ɗaga murya: "Nawa sunka ba ka? Saniya ko maraƙi?"

Maigari Ilyasu ya tsawatar. "Gado, shekara arba'in ba ka taɓa lashe maganarka ba. Jiya ka karanta ƙasa gabanmu. Mi ya canja?"

Gado ya gyara tsayuwa. Da ya ce iska ce ta ruɗe shi, ko tattakin jama'a, da ba su yarda ba, da sun ce ai shi ne mutumin da ya taɓa bin sawu bayan ruwan sama. Babu ƙaryar da za ta kwance igiyar nan.

"Ban karanta komi ba, ranka ya daɗe. Ba ni gani. Na dama ya tahi tun bara, na hagu shina biye. Yanzu haka muryarka nika ji, huskarka ban san inda take ba. Na ji tsoron ku sani, shi ya sa na nuna mutumin da bai ci ba bai sha ba."

Ya gaya musu zancen allon da aka bari, da saran gatari, sannan Lubna ta karanta saƙonnin, ya fassara musu hasken da ke zuwa daga sama kaɗai.

"To ai ka ɗaure mu," in ji maigari. "Wa zai leƙa rumbun wani a garin nan?"

"Ni. Makaho bai tona asirin rumbu. Zan hau in ɗaga murhi in mayar, ba zan ga ko tsaba ba. In hasken ya taɓa Ido, salular yarinyar nan za ta yi kuka, kowa ya ji."

Maigari ya miƙe. "A soma da nawa."

Haka gari ya ɗunguma bayan gari. Aka kafa tsani a rumbun maigari, Gado ya hau yana lalube, ya ɗaga murfi, ya ƙirga sittin a ransa. Shiru. Aka matsa na gidan su Zaharaddini. Shiru. Rana ta yi ƙasa, Lubna ta riƙe salular sama da hannu biyu, ya ji tana cewa a ƙasa-ƙasa a yi sauri.

"Na shugaban kwamiti," in ji Gado, "tunda gonarsa ce."

"Wannan cin mutunci ne," in ji Alhassan. "Ni anka yi wa ɓarna."

"Nawa ma an buɗe," in ji maigari.

Ƙafar tsanin ta faɗa daidai cikin ramukanta. Gado ya hau. Ya ɗaga murfin, iska mai ƙanshin tsohuwar ƙasa ta bugi fuskarsa, babu ƙanshin hatsi a cikinta. Ya fara ƙirga. Goma. Ashirin. In batirin ya mutu, ya zubar da sunansa a banza, kuma jarkokin nan za su wuce ruga. Talatin. Arba'in. Wani ya fara guna-guni a ƙasa.

Salular ta yi ƙara.

"Idon sama," in ji Lubna. "Shi kaɗai."

Samari suka yo kan tsanin kamar za su kifar da shi. Gado ya mayar da murfin ya kwanta a kansa da ƙirji. "Ba mai leƙawa! Alkawali munka yi. Mai rumbu ya hau ya ɗauko abin da ya aje."

Amma Alhassan bai motsa ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hularsa.

"Bar su su leƙa, Gado. Babu komi a ciki. Tun watan jiya ya ƙare, hatsin bara bai yi ba, na ji kunyar hwaɗi. Mutum goma sha ɗaya ke gidana. Na sare icen da na hana kowa sarewa, ina ɗaga kai na ga abin nan shina kallona." Ya juya wajen Lubna. "Kullum sai in leƙa in ga ko 'yar hitilarsa ta mutu in kai shi daji. Da gaske bai ɗauki hotona ba?"

"Bai taɓa ganinka ba, Baba," in ji ta tana kuka. "Na sha gaya muku."

* * *

Maigari da kansa ya kwance Bubakar. Ya ce dattawa za su zauna gobe kan Alhassan, da kan haƙƙin wanda aka daka a banza, kuma duk saurayin da ya taka hanyar ruga da shi zai yi. Jama'a suka watse a sanyaye, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Lubna ta wuce da akwatinta rungume, ɓawon ko tsagewa bai yi ba. Ta ce za ta dawo ta raka Gado, ya ce ta je, ya san hanya.

Bai san ta ba. Rana ta kusa faɗuwa, rumbuna tamanin sun zama inuwa iri ɗaya, kuma a karo na farko ba shi da dalilin yin kamar yana gani. Ya tsaya cik. Mutanen da jiya suke buɗa masa hanya suna wucewa ta gefensa, ba don mugunta ba, sun dai rasa yadda za su yi da shi.

Ya ji takun takalmin taya ya tsaya a gabansa.

"Bubakar," ya ce. "Na zalunce ka. Ka yahe mani."

"Kwana biyu uwata ba ta ci abinci ba," in ji Bubakar. "Ɗiyana sun ga an ja ni a ƙasa. Ban yahe ba tukuna."

"Ka yi gaskiya."

Takun bai tafi ba. Can sai Gado ya ji wani abu mai santsi ya taɓa bayan hannunsa, kan sandar kiwo ce.

"Riƙe," in ji Bubakar. "Akwai rami gabanka."

Gado ya riƙe. Suka ratsa tsakiyar gari a haka, ɗaya gaba ɗaya baya, mata sun tsaya cak a ƙofofi da ƙore a hannu.